Bindigar da Na Ce Ta Surukina Ce

Yayana Orville ya fi shekara arba'in yana ƙera bindigogin ɗure a wani ɗaki da ke bayan gidansa, a ƙauyenmu na cikin tsaunukan gabashin Kentucky. Irin na kakanni yake yi, masu ƙyastu. Ka zuba albarushi ta baki, ka danna curin dalma da sanda, in ka ja kunama dutse ya bugi ƙarfe, tartsatsi ya faɗa kan albarushi. Tawa ya yi mini ita ne shekarar da na auri Delphia, kuma wata takwas ya ɗauka yana gyaran katakonta kaɗai.

Muna da ƙungiya ta masu farauta da irin waɗannan bindigogi, mu goma sha biyar. A cikinmu babu wanda ya kai ni baki. Da bindigogin ɗure na zamani suka fara yawa, masu gindin roba da madubin hange, ni na raɗa musu suna bindigar ragwaye. Ranar da Dewey Napier, wanda muka yi firamare aji ɗaya, ya zo wurin gwajin harbi da irinta, a gaban kowa na tambaye shi ko ya tuna ya sa mata batir, ko kuwa ita take ɗaukar barewar ta kai masa gida. Aka yi ta dariya. Dewey ya mayar da bindigarsa cikin kube, ya shiga motarsa, bai ƙara zuwa taronmu ba. Muka koma goma sha huɗu.

Da na cika sittin da ɗaya idona na dama ya fara yi mini wasa. In na ɗaga bindiga, ɗan ƙarfen saitin da ke bakinta sai ya zama biyu, wani lokaci ya narke gaba ɗaya. Ban gaya wa kowa ba. Bayan shekara biyu, a watan Disamba, na harbi wata barewa daga taku sittin, nisan da a da ko da gudu take ba na kuskure ta. Harsashin ya same ta a ciki. Kwana biyu ina bin jininta a cikin sarƙaƙiya, sai a na uku na same ta a bakin rafi, karnukan daji sun cinye rabinta. Yadda ƙasar wurin ta turmushe, na san ba da wuri ta mutu ba.

Na gaya wa Orville albarushi ne ya ji raɓa. Delphia kaɗai na gaya wa gaskiya, ita ma don ta gan ni na ture kwanon wake ban ci ba.

"To, ɗaya cikin biyu," in ji ta. "Ko ka ajiye farauta, ko ka nemi abin da za ka gani da shi. Dabbar Allah ba ta yi maka laifin komai ba."

"Ki ce in sayi bindigar Dewey ke nan."

"Ni ban ambaci Dewey ba. Kai ne yake tsaye maka a wuya."

Na yi wata goma ina juya maganar. A watan Oktoba na shiga a-kori-kurata na yi tafiyar awa biyu zuwa wani shagon kayan farauta a garin da ba ni da kowa. Akwai shago a garinmu, amma mai shagon ɗan ƙungiyarmu ne.

Wata mata na tarar a bayan kanta, za ta yi shekara hamsin da ɗoriya, tabarau rataye a wuyanta da igiya. An rubuta Twila a aljihun rigarta. Ta gaishe ni ta tambayi abin da nake nema.

"Bindigar ɗure, irin ta zamanin nan," na ce. Sai na ji bakina ya ƙara da kansa, "Ba tawa ba ce. Ta surukina ce, mijin 'yata. Kyauta zan yi masa."

Surukina Curtis a ofis yake aiki a Lexington. Ko kifi aka yanka a gabansa kau da kai yake yi.

"Ya yi dacen suruki," in ji Twila. "A ina yake farauta?"

"Nan cikin kwaruruwanmu."

Ta sauko da bindiga uku ta jera a kan kanta. Ta farko doguwa ce mai nauyi, baƙa wuluk, kamar ta soja. Hannuna ya tafi kanta kai tsaye. A raina na ce in dai zan zubar da mutuncina, gara in zubar da shi a kan wadda ta fi kowacce.

"Wannan tana kaiwa taku ɗari uku," ta ce. "Masu zuwa filayen yamma suke sayenta. A kwarin naku, akwai inda mutum zai hangi taku ɗari uku?"

"In ganye ya zube, ɗari da ashirin. Shi ma da ƙyar."

"To me zai yi da sauran? Ɗauke ta ka ji." Na ɗauka. "Yanzu ka ce kana hawan tudu da ita tun asuba, ga dusar ƙanƙara har idon sawu. Shekarar surukin naka nawa?"

"Talatin da biyar."

"Oho," ta ce, ta mayar da ita gefe.

Ta biyu mara nauyi ce kamar kara. Twila ta ce tana harbi daidai, amma tana dukan kafaɗa kamar alfadari, kuma in za ka wanke ta sai ka nemo sifana ka yi ta kokawa da toshiyar gindinta. Ta ce rabin waɗanda suka saye ta a hannunta sun dawo da ita da tsatsa, don wankinta ya gundure su.

Ta uku karyewa take yi a tsakiya. Twila ta danna wani ɗan ƙarfe, bindigar ta buɗe, ta sa yatsu biyu ta warware toshiyar ta miƙo mini. Na ɗaga bututun na leƙa, na hango fitilar rufin shagon tar ta cikinsa. Tawa ta gida sai na dafa ruwa, na yi awa guda ina ɗura mata ina zubarwa kafin ta fita.

"Bututun ba ya tsatsa da wuri," ta ce. "Ba wai kar a wanke ba, a wanke. Sa ta a kafaɗa mu gani."

"Ai ba ni zan riƙe ta ba."

"Tsawon hannunku ɗaya da shi?"

"Kusan ɗaya."

"To sa."

Na sa. Ta zagayo ta dubi inda kumatuna ya kwanta, ta ce gindin ya yi mini tsawo da yatsa ɗaya, in an sa rigar sanyi zai fi haka. Ta ciro sukudireba ta cire wani faifan roba daga gindin, ta ce in sake sawa. Bindigar ta zauna kamar da ni aka auna ta. Haushi ya kama ni, don ban so ta zauna ba.

"Madubi fa?" ta ce. "Surukin naka idonsa lafiya?"

Na ce, "Yana ɗan kuka da na dama."

"A talatin da biyar. Allah sarki."

Ba ta yi murmushi ba. Ta zaɓo ƙaramin madubi, ta ce babba ba ya da amfani a cikin itatuwa, kafin ka nemo barewar a cikinsa ta tafi. Ta ɗaura shi, ta ce mu fita baya.

A bayan shagon suna da filin gwaji, da benci da allo a taku ɗari. Ta nuna mini albarushin zamani, an cure shi kamar ƙwayar magani, ba awo ba zubewa. Ta ce kwalin zai ce ana iya sa uku, amma biyu sun isa kowace barewa a jihar nan, na ukun kafaɗa kawai yake ci. Harsashin na jan ƙarfe ne mai tsini, yana zaune cikin 'yar rigar roba. Na karɓi sandar na danna shi, na buga sau biyu yadda na saba, na duba inda sandar ta tsaya.

"Wanda bai taɓa ɗuri ba ba ya duba sanda," in ji Twila. "Zauna."

Na zauna na sa ido a madubin. Ban san yadda zan faɗi wannan ba. Na ga allon, na ga da'irar, na ga har ƙusoshin da aka kafe takardar da su, da wani ƙuda da ke tafiya a gefenta. Shekara uku rabon da in ga wani abu a nesa da gefensa a fili haka. Na daɗe ban harba ba, ina kallo kawai, har sai da na ɗago na goge idona da hannun riga na ce iska ce.

Harbi uku na yi. Ramukan uku suna taɓa juna.

Da tana sa bindigar a kwali, ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ka gaya wa surukin naka ya je a duba masa idon nan. Yana iya zama yanar ido ce, cire ta ba wuya. Mijina ya yi shekara biyu yana ɓoye tasa, har sai da ya shiga rami da mota."

Na ce zan gaya masa. Na fita ina jin kamar kowa a wurin ajiye motoci ya san ni.

A saman rufin gareji na ɓoye ta. Delphia ta sani, ta kuma ce in gaya wa Orville tun kafin lokacin farauta ya zo. Na ce zan gaya masa. Sau uku ina zuwa gidansa da niyyar haka, in tarar da shi a kan benci yana goge wani ƙarfe, gwiwoyinsa sun kumbura har ba ya iya hawan tudu, ba abin da ya rage masa na daji sai labarin da muke kawo masa. Sai in sha kofi in tashi.

Ranar Asabar ta biyu a Disamba na fita da bindiga biyu. Wadda Orville ya ƙera mini tana rataye a bayan kujera inda kowa zai gani, sabuwar tana ƙasa cikin bargo. Da sabuwar na hau tudu. Wajen ƙarfe tara wani namijin barewa ya fito daga cikin itatuwan da ke ƙetaren kwari, ƙahonsa reshe goma, irin wanda mutum kan gani sau ɗaya ko biyu a rayuwarsa. Na sa masa saiti a bayan kafaɗa. Kafin hayaƙi ya washe ya faɗi, ko taku biyar bai yi ba. Na auna nisan da ƙafata, ɗari da goma.

A ɗakin sanyin Orville muke rataye nama tun muna samari, don haka can na nufa. A hanya na shirya maganata tsaf. Ina tsayawa ya fito yana dogara sanda, ya leƙa bayan motar. Sannan ya cire hularsa.

"Taku nawa, ƙanena?"

"Ɗari da goma."

"Ɗari da goma!" Ya buɗe ƙofar motar ya ciro bindigar da ya ƙera mini, ya riƙe ta da hannu biyu. "Opal! Fito ki ga abin da tsohuwar nan ta yi! Shekara talatin da takwas, Virgil. Wutar ta tashi nan take?"

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Har zuwa lokacin ban yi masa ƙarya da bakina a kan wannan barewar ba. Na dubi fuskarsa, na ce, "Nan take, Yaya."

Matarsa Opal ta fito da waya ta ɗauke mu hoto, ni durƙushe riƙe da ƙaho, shi tsaye riƙe da bindiga. Kafin in wanke hannu ya fara kiran 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya. Ina jin sa daga tsakar gida yana cewa, "Ba madubi, ba roba, dutse da ƙarfe kawai!"

Da na koma gida Delphia ta riga ta ji, Opal ta kira ta. Ta ajiye mini burodin masara da miya a tebur, ta ɗauki nata ta tafi falo.

Washegari bayan an tashi daga coci, mutane suka kewaye ni a bakin ƙofa. Ina cikin amsa gaisuwa sai ga Dewey Napier, wanda shekara shida ba mu wuce ɗaga hannu daga nesa ba. Ya miƙo mini hannu.

"Na ga hoton," ya ce. "Ni dai ba zan iya wannan harbin da ƙarfe tsirara ba. Ka cancanci bakin da kake yi."

Na karɓi hannunsa. Ban san abin da na ce masa ba.

Akwai abin da ya hana ni sukuni tun ranar Asabar. Da na feɗe cikin barewar a daji na lura harsashin bai fita ta ɗaya gefen ba. Yana ciki. Orville kuwa yana da kwalba a ɗakin aikinsa da yake tara duk curin dalmar da aka ciro daga naman da bindigoginsa suka kashe, kowanne da 'yar takarda mai suna da shekara. Ranar Litinin na je da wuƙa a aljihu, na ce zan duba ko naman yana shan sanyi. Ina shafa haƙarƙarin ina neman inda ya tsaya, Opal ta shigo da kofi ta tsaya tana ba ni labarin jikokinta. Na sha kofin na tafi. Ko a lokacin na san abin da na je yi ya fi ƙaryar farko muni.

Ranar Laraba da hantsi ni da Orville muka sauke barewar don mu daddatsa. Orville na zaune a kan kujera mai tsawo, shi ke cire fata. Ya kai kafaɗar hagu ya tsaya, ya latsa wani ƙullutu da babban yatsa.

"Ga ta nan," ya ce da murna. Ya tsaga.

Abin ya faɗo a tafin hannunsa. Ya kai shi bokiti ya ɗauraye, ya sa tabarau, ya juya shi a hasken taga. Jan ƙarfe ne, bakinsa ya buɗe gida shida. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kamo hannuna ya sa mini shi.

"Wannan ba a ɗakina aka zuba shi ba."

"A'a, Yaya."

"Na wa ne?"

"Nawa ne. Na sayi irin ta zamani a Oktoba. Idona ne, na dama. Ba na ganin saiti."

"Tun yaushe?"

"Shekara uku."

Ya cire tabarau ya ninke. "Barewar bara fa? Da ka ce albarushi ya ji raɓa?"

"Albarushin lafiyarsa ƙalau."

"Na yi sati biyu ina zargin kaina," ya ce. "Na ce ko murfin kaskon albarushin da na yi maka ne yake shan ruwa. Har sabo na fara yi maka."

Na ce masa ban so in ɓata masa rai ba ne. Ya ce kar in ƙara masa da wannan. Ya ce da na zo na ce ido ya tafi, da shi da kansa zai raka ni shagon, don shi ma ba yaro ba ne, ya san abin da shekaru suke yi wa mutum. Muryarsa ba ta tashi ba ko sau ɗaya.

"Mutum goma sha biyu na kira, Virgil. Da bakina. Har ɗan Opal da ke Ohio na kira."

"Zan kira su duka in gaya musu."

"Ba kira ba. Da ƙafarka za ka je."

Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da aiki. Muka gama naman nan tas, awa uku, ba wanda ya ƙara cewa uffan sai "miƙo" da "riƙe nan".

Kwana huɗu na yi ina zagaya gidaje. Wasu suka yi dariya har da riƙe ciki. Mai shagon garinmu ya fi jin haushin cewa a wani gari na saya. Wani dattijo ya saurare ni a bakin ƙofa, ya ce to, ya rufe. Gidan Dewey ba ya cikin lissafin Orville, amma Delphia ta ce in ban je ba kar in dawo mata.

Na same shi yana faskare. Na faɗi abin da ya kawo ni, tun daga ido har zuwa harsashi, na kuma ce abin da na yi masa shekara shida da suka wuce ban kyauta ba. Ya jingina da gatarinsa.

"Wacce ka saya?"

Na gaya masa.

"Mai karyewa? Ta fi tawa." Ya dube ni. "Ka san ranar nan da ka yi mini dariya, wata biyu ke nan da aka yi mini aiki a kafaɗa? Likita ya ce in na ƙara ɗaukar bindiga mai nauyi in nemi wani likitan. Ba wanda ya tambaye ni."

"Ban sani ba, Dewey."

"Ai ba ka tambaya ba." Ya ɗaga gatarin. "Na ji, na kuma gode da ka zo. Amma ranar Lahadi a gaban mutane na ba ka hannu. A gaban mutane za ka faɗa."

Ranar Lahadi na faɗa, a bakin ƙofar coci, hulata a hannu.

A watan Janairu aka cire mini yanar idon. Delphia ce ta kai ni ta dawo da ni. Orville bai zo ba, bai kira ba, Opal ce ta aiko da wainar ƙwai a kwano. In mun haɗu a coci yakan gyaɗa mini kai kamar yadda ake yi wa maƙwabci.

Sai a ƙarshen Fabrairu waya ta yi ƙara da rana tsaka. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Kawo abin nan in gani."

Na kai masa ita a cikin kwalinta. Ya buɗe, ya ƙwanƙwasa gindin robar da farce, ya yamutsa fuska. Ya karya ta, ya leƙa bututun, ya daɗe a nan fiye da yadda na zata. Ya tabbatar ba komai a ciki, ya ɗaga ta ya ja kunamar a hankali. Ya sake ja.

"Bututun mai kyau ne," ya ce. "Kunamar kuwa wanda ya yi ta bai taɓa harbi ba. Ja take kamar ƙofar tsohon rumbu. Da wannan ka yi taku ɗari da goma?"

"Da ita."

Ya yi tsaki, ya jawo akwatin ƙananan zartonsa.

"Bar ta nan. Ka dawo Juma'a."

Na tsaya ina jiran ko zai ce in zauna. Bai ce ba, ya riga ya fara kwance sukurori. Na ja masa ƙofa a hankali na fita.